Na'urar Ishaya Ta Ƙi Farkawa

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ke ƙera ƙaramar na'urar wasa ta hannu,

Ranku ya daɗe. Gaisuwa mai yawa daga ofishin Babban Daraktan Ƙungiyar Masu Haɗa Manhaja ta Kudancin Kaduna, Kafanchan. Ga kokenmu:

1. Membobinmu sun haɗa wani ƙaramin wasa: ɗan acaɓa ya ɗauko buhun citta daga Kachia yana kauce wa ramuka. A kwamfuta yana gudu lafiya lau. A na'urarku kuwa ko sallama ba a amsa masa ba.

2. Mun nemi izini a shafinku, kuka ce sai takardar rajistar kamfani da wata na'urar gwaji ta daban. Fisabilillahi, wanda ya haɗa wasa don abokinsa ya yi dariya, ina shi ina rajista?

3. Da kuka rufe ƙofa, aka bi ta katanga. Wani bidiyo ya nuna yadda ake cire kullen da kuka sa wa na'urar, da gargaɗin kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Aka jona na'urar da tsohuwar kwamfutar wani shagon caji, ranar Juma'a. An kai rabi, ladan ya kira, mai shago ya kashe janareta kamar yadda ya saba. Wanda ya jona ya fi kowa sanin haka, don tare suke tafiya masallaci. Tun ranar fuskar na'urar baƙa ƙirin.

4. Na'urar ta Ishaya ce, ɗan Madam Rifkatu malamar firamare. Sikila gare shi, in ciwon ya tashi ita ke ɗauke masa hankali a gadon asibiti. Jiya aka sake kwantar da shi.

Muna roƙo ku faɗi yadda ake tada ta, ku kuma buɗe wa marasa kamfani ko taga ce. Allah Ya ƙara muku kasuwa, Ya sa ku fi mu hankali.

Gaskiya ɗaya ce: babu ƙungiya, babu darakta. Ni Sabi'u ne, ni na haɗa wasan, ni na jona na'urar; karatun allo kawai na yi, sauran a wurin Ishaya na koya. Na saba zolayar mutane a yi dariya a watse, wannan karon ba mai dariya. Ishaya, sati uku ina ce maka tana sabunta kanta ne. Ƙarya nake. Tana ƙarƙashin katifata. Na zo ƙofar asibitin sau biyu na juya. Gobe zan shigo.

Wassalam.