Wufar da Na Sayo wa Baba Ta Raba Shi da Jikarsa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in ɗauki wani baƙin akwati in wurga shi ta taga. Na san wasu za su yi dariya idan suka ji cewa sifikar kwamfuta ce matsalata, amma ni wallahi ta hana ni sukuni.

Ni ce auta a gidanmu, kuma ni nake zaune da Baba tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, a hawa na sama na wani gidan haya. Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ƙuruciyarsa duk a cikin ƙarar injuna ya ƙarar da ita, yanzu kunnensa ya yi nauyi. Shi dai bai yarda ba. A wurinsa mutanen zamani ne suke cinye rabin magana a baki. Yayana yana aiki a wata ƙasa da iyalinsa, duk ƙarshen mako yakan kira mu ta bidiyo a tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin falo. Ranar kira Baba yakan yi wanka da wuri, ya sa hula, ya zauna yana jira. Kuma ba don Yaya yake wannan shirin ba, don 'yar Yayan ce, yarinya 'yar firamare da ya laƙaba wa suna Sarkin Surutu.

Sifikun da muke da su tun asali ƙanana ne, ɗaya ta mutu, ɗayar kuma tana shaƙewa kamar mai mura. Yarinya ta yi magana, Baba ya juyo ya tambaye ni me ta ce, in maimaita masa da ƙarfi, kafin ya ba da amsa ta riga ta shiga wani labarin. Na gaji da zama tafinta tsakanin kaka da jika, shi ma na ga abin yana cin ransa. Sai na ce bari in sayo masu ɗan dama-dama, waɗanda ba za su fi ƙarfin aljihuna ba.

Mai shagon da na je wurinsa ya cika ni da daɗin baki. Ya nuna mini wasu ƙananan sifiku biyu masu haɗe da wani baƙin akwati da ake ajiyewa a ƙasa, wai shi wufa. Ya kunna mini kiɗa, na ji dukan ganga har cikin ƙirjina. Na faɗa masa don tsoho mai nauyin kunne nake nema, ya rantse cewa ko dutse aka ajiye a gabanta sai ya ji. Ni da nake aiki a shagon buga takardu, kullum ina gaban kwamfuta, ban ko yi tunanin in ce ya kunna mini muryar mutum in saurara ba. Na rungumo kwali na taho gida ina jin kaina.

Na ajiye akwatin a lungun bango ƙarƙashin tebur, na murɗa maɓallin bayansa har ƙarshe, ƙananan kuma na ɗora su can saman kabad don kada su tare wuri. Anti, tun daga ranar gidanmu ya koma tashar manyan motoci. Yaya ya yi gyaran murya, kofunan cikin kabad su hau rawa. Matar da ke ƙasanmu ma'aikaciyar jinya ce, da rana take samun barci, ta hau sama ta wanke ni tas, yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Duk na shanye, domin Baba ya daina tambayata me aka ce. Yana zama ya ɗora ƙafa a kan akwatin, yana gyaɗa kai yana dariya, har yana cewa yana tuna masa da daɓen masaƙa. Ya sa mini albarka ba adadi. Na ce to, ko banza na yi abin kai.

Ashe ba ji yake yi ba. Rannan Sarkin Surutu ta zo gaban allo da jan ido, ta ba shi labarin cewa mota ta take kyanwarta, ta mutu. Da ta kai ƙarshe ta tsaya tana kallonsa. Baba ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce madalla, haka ake so, Allah ya ƙara. Ina kicin na ji, cokali ya faɗi daga hannuna. Yarinya ta fashe da kuka ta gudu. A nan na gane cewa duk tsawon lokacin nan fuskarta kawai yake kallo, idan ta tsaya sai ya yi dariya, don kada in ji cewa sayayyata ba ta yi amfani ba.

Tun daga nan ta ƙi zuwa gaban kwamfuta, ta ce Kaka mugu ne. Baba yana yin wankansa, ya sa hularsa, ya zauna, sai ya ga Yaya shi kaɗai. Ya tambayi ina yarinyar, mu ce ta je karatu. Jiya ya ce mini ko dai ta girma ne ta gaji da hirar tsoho. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Yaya ya ɗora mini laifi, wai na sayi mai araha, in je in sayo babba. Mai shago ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa, kuma da na matsa sai ya ce in ƙara murɗawa. In murɗa me, bayan ya kai ƙarshe? Ni haushin kowa nake ji, har da Baba da ya yi ta yi mini dariyar ƙarya. Shin in faɗa masa abin da ya yi, in karya masa zuciya? Ko in sayo babbar, in ƙarasa rushe gidan mutane? Kaina ya ɗaure.

Taki,
Autar Tsohon Masaƙi

Wa alaikumus salam, Auta. Ajiye akwatin nan tukuna, kada ki jefi wani bawan Allah da ke wucewa. Kayan da kika saya ba su lalace ba, aikin da kika ba su ne ba nasu ba.

Wufa aikinta fitar da sauti mai kauri, irin rugugi da dukan ganga. Kalmomi kuwa, musamman na ƙaramar yarinya, a siririn sauti suke, kuma galibi shi ne yake fara ɓace wa kunnen da ya tsufa ko ya daɗe cikin ƙarar inji. Kin ƙara wa Baba abin da dama yake ji, ya danne ɗan abin da yake nema. Saboda haka shawarar Yayanki ta sayen babba ba ta da wurin zama, ki faɗa masa cikin ladabi. Sai dai kada ki riƙe shi a rai, shi ne yake kallon 'yarsa tana kuka, kuma daga nesa ba shi da abin yi sai faɗa.

Ki murɗa maɓallin nan ya dawo can ƙasa. Ki janye akwatin daga lungu, domin bango yana ƙara masa gunji, ki sa wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa. Ƙananan sifikun da kika kai saman kabad su ne masu maganar. Ki sauko da su kan tebur, kusa da Baba, daidai kunnensa, suna fuskantarsa. Ki roƙi Yaya ya zaunar da yarinyar kusa da makirufo, a wuri mai haske, a kashe talabijin. Idan duk da haka da saura, ki gwada masa abin sauraro na sawa a kunne. Sannan ki sauka ki ba maƙwabciyarki haƙuri, ta fi ki gaskiya. Ma'aikaciyar jinya ce, ki tambaye ta inda ake gwajin ji, ki lallaɓa Baba ku je. Babu sifikar da za ta maye gurbin likita.

Batun haushin Baba kuwa, ina ganin kin san amsar. Mutumin da ya zauna mako bayan mako yana dariyar abin da bai ji ba, don kada 'yarsa ta ji kunya, ba maƙaryaci ba ne. Amma ku lura, yanzu ke da Yaya ma irin abin da ya yi kuke yi masa. Kuna cewa ta je karatu don ku kare shi, shi kuma ya fara zaton an gaji da shi, wanda ya fi gaskiyar ciwo. Ki zauna gabansa ku biyu, yana ganin bakinki, ki faɗa masa. Ki fara da naki kuskuren na saitin sifika, don ya sami inda zai tsaya da mutuncinsa. Zai ji zafi, amma zafin da yake da magani ne. Yaya kuma ya fahimtar da yarinyar cewa kunnen Kaka ne yake ciwo, bai ji abin da ta ce ba. Yara suna saurin yafewa idan an faɗa musu gaskiya.

Ranar kira na gaba kada ki tambaye shi ko yana ji, kin san zai ce eh ko da bai ji ba. Ki bari ya yi wa jikarsa ta'aziyyar kyanwarta, ya tambaye ta sunan kyanwar, ke kuma ki tsaya a bakin kicin ki yi shiru. Idan kika ji ya maimaita sunan daidai ba tare da ya juyo ya nemi bakinki ba, to sayayyarki ta biya.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya dawo masa da Sarkin Surutunsa, ke kuma ya saka miki da alheri.