Kambas ɗin Baban Ummi

Yaya Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Alhaji? Mu lafiya lau.

Tun da likita ya ce jinin Baban Ummi ya hau, kullum la'asar sai ya ce ya tafi motsa jiki a kwaleji. Yanzu wai kambas ɗin da kika aiko na gudu ne, yana son mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na ɗaga ƙarfe. Kada ki saya tukuna. Wata biyu ƙasan takalmin bai ci ba, amma jiya man tsire na goge a samansa. Gobe zan raka shi in ga ƙarfen.

Ki gaida yara. Ki sa mu a addu'a, musamman shi.

Ƙanwarki,
Binta, Azare