Takardar gasar Balki

Djougou, daren Alhamis

Tun bara nake jin wai wata yarinyar garinmu tana cinye maza a Parakou a eshek, darar Turawa. Na ce zancen tasha ne. Ashe jikata ce, Balki.

Yau ta kawo takardar gasar 'yan mata, sai na sa hannu kafin gobe. Na ce ta koya mini tukuna. Ta jera 'ya'yan eshek ɗin, na ɗaga wanda suke kira doki, na fasa.

"Kaka, nan ba gindin bishiya ba ne. Abin da ka taɓa shi za ka tura."

Na sa hannun, amma barci ya ƙi. Me zan ce wa abokan darata? Na ƙarshen da ya ba ni labarin yarinyar ma ɗayansu ne, Malam Idi. Bai faɗa mini sau uku ta cinye shi ba, sai yau na ji a bakin Balki.