Tukunya a ƙarƙashin kwamfuta

Auta, na tafi dubiya asibiti, kina barci.

Littattafan da kika jera ƙarƙashin kwamfuta don kyamara ta zo daidai fuskarki, har da littafin addu'o'in babanki a ciki. Haba Auta! Na kwashe, na kifa miki babbar tukunya a wurin. Na zauna na gwada, cikin hancina kawai nake gani. Ke da kika fi ni tsawo, ƙara faranti biyu kafin masu ɗaukar aikin nan su kira ki ƙarfe goma.

Na taɓa wani wuri, jar wuta ta kama ƙiftawa. In ta ɗauke ni ki goge, ba ɗankwali a kaina.

Allah ya sa su ɗauke ki. Tukunyar kuma ina sonta kafin azahar.

Umma