Mu Ne Muka Toshe Tagar Aji Biyar

Tungar Rini, Bukkuyum
12 ga Mayu, 2002

Zuwa ga ɗana Lirwanu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da mai jego Zinatu da baƙon da Allah Ya kawo mana. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da jiran ruwa. An yi yayyafi sau ɗaya wajen Zugu, amma ba wanda ya yi shuka tukuna. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya da kanta ko an hana ta.

Murtala direba ya kawo mini wasiƙarka, kuma ni na karanta ta da kaina, ban kira kowa ba. Da na kai inda ka ce namiji ne, kuma sunana ka sa masa, sai na miƙe ba hula ba takalmi na faɗa cikin gida ina kiran Innarka, har ta zaci gobara ce. Allah Ya raya takwarana, Ya yi masa albarka, Ya sa ya fara karatu tun yana ƙarami, ba irina da na fara da furfura ba. Amma da na juya bayan takardar sai ka rage mini murnar. Ka ce ka ga sakamakon 'yarka Aisatu, ta faɗo daga ta biyu zuwa ta ashirin da uku, makarantar ƙauye ba ta tsinana komai, don haka Murtala ya taho maka da ita ƙarshen wata. Lirwanu, yarinyar nan tana hannunmu tun da aka yaye ta. Kafin ka yanke magana ka ji abin da ya faru, domin na je na gani da idona.

Ka san ɗakin aji biyar na firamaren garinmu, na ƙarshe wajen bishiyar dogon yaro. Ɗaki ɗaya ne, amma kashi uku muke shigarsa. Da safe su Aisatu, su saba'in da wani abu, da malaminsu Malam Mas'ud. Bayan azahar 'yan Islamiyya. Bayan la'asar mu tsofaffin yaƙi da jahilci, mu goma sha huɗu, a kan bencin yara gwiwa na neman taɓa haɓa. Allo ɗaya ne a bangon gabas, na siminti da ake shafa wa gawayi, kuma kowane malami in zai tashi sai ya kewaye rubutunsa ya ce kada a goge, har wata rana a ɗan gurbin da bai fi faifai ba aka koya mana darasi. Tagogin kudu biyu, tun da iska ta ɓalle murafunsu aka buga musu kwano da ƙusa, ba su buɗuwa. Saura ƙofa daga gaba, da taga ɗaya can baya a bangon yamma.

Tagar nan ita ta hana mu sakat. Da la'asar sakaliya rana kan shigo ta cikinta ta faɗa daidai kan allo, ya yi ta ƙyalli, alli da gawayi su zama abu ɗaya, mu yi ta hawaye muna kare ido da hannu. Abokina Makau magini ya ce shekararsa arba'in yana gini, bai taɓa ganin mai hankali ya bar taga a yamma ba. Wata Asabar a farkon zangon da ya wuce muka kwaɓa ƙasa, muka jera tubali, muka toshe ta. Makau ya yaɓe sumul har da zane. Ni na yi dakon ƙasar. Ba mu tambayi kowa ba. Duk a bencin gaba muke zama, hasken ƙofa ya ishe mu, sai ga allo tar, muka yi ta yabon kanmu. Wallahi bai taɓa zo mini a rai ba cewa ɗakin nan da safe wani ɗaki ne daban. Mu da yamma kawai muka san shi.

Washegarin da wasiƙarka ta zo na tafi makarantar da hantsi, raina a ɓace, na ce wa Malam Mas'ud ya faɗa mini abin da ya yi wa jikata. Yaron yana da ladabi, bai yi musu ba. Ya kai ni bencin ƙarshe inda Aisatu ke zama saboda tsawonta, ya ce Baba zauna nan ka karanta mini allo. Lirwanu, duhu kamar cikin rumbu. Ga zafi, ga numfashin yara saba'in, ga kwano yana gasa mu ta sama. Farar rigar malamin kawai nake hange tana kai da komo, ko baƙi ɗaya ban gani ba. Ya ce tun da aka rufe tagar ya bar rabin allon, gefen ƙofa kawai yake rubutu, sauran sai dai ya faɗa da baki yana ɗaga murya. Na baya daga littafin na gabansu suke kwafa, kuskuren yaro ɗaya ya zama na ashirin. Lissafi kuwa ba ya shiga ta kunne, sai an ga yadda aka jera shi. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya layin baya duk gyangyaɗi suke.

Sannan ya ce ko wane ne ya yi wannan aiki, akuya ta fi shi tunani. Shi ya ɗauka malamin Islamiyya ne ya sa, saboda yaran da ke tsallaka taga. Malamin Islamiyya ya ɗauka hedimasta ne. Hedimasta kuma ya ɗauka umarni ne daga sama, ya yi shiru. Wata uku, Lirwanu! Masu ilimi uku suna shiga ɗaki ɗaya kullum, ba wanda ya tsaya ya tambayi ɗan'uwansa. Na bari ya gama, na ce masa to ga akuyar nan zaune a gabansa. Ya durƙusa yana ba ni haƙuri, na ce ya tashi, bai yi ƙarya ba.

Da ta dawo gida na tsare Aisatu. Ta san mu ne muka toshe tagar, domin ranar da muka yi aikin a gabanta na yi ta alfahari. Na ce me ya hana ta magana. Ka san ɗan ajinmu take kirana. Ta ce ɗan ajinmu, ai ta ga yadda na dawo ranar ina karanta mata abin da na kwafa ba kuskure, ta yaya za ta ce mini na ɓata musu aji? Ta ce ta zaci kunne zai ishe ta. Ashe ciwon kan da ta yi ta fama da shi, Innarka na ɗura mata jiƙo, daga nan yake. Har yanzu in na tuna abinci ba ya mini daɗi.

Makau kuwa, da na ce mu fasa tagar, ya ce ba mai taɓa masa aiki. Wai idon yara sabo ne, su ƙura shi, namu ne ya kusa ƙarewa. Ya ce ni tsoho ne da jika ke ja da igiya, na ce shi magini ne da ya gina wa rayayyu kabari. Na ɗauki diga na tafi ni kaɗai. Bugu uku na yi sai ga shi yana haki, ya fizge digar, wai zan tsaga bangon gwamnati, ya ƙarasa fasawar da kansa yana zagina. Yanzu asabari muka rataya, a naɗe da safe, a sake da la'asar. Shi ma bai raba mu da rigima ba. Rana na ratsowa ta tsakaninsa, Makau na cewa a kan gwado mai ratsi muke karatu. Ranar Laraba kuma muka manta ba mu naɗe ba, yara suka wuni a duhu, don ba wanda ya yarda aikinsa ne. Tun daga ranar, kafin in wuce gona sai na bi ta makaranta na ɗaure shi da hannuna.

Abin da nake roƙonka ke nan. 'Yarka ce, in ka ce a kawo ta ba zan hana ba. Amma kada ka ɗauke ta a kan laifin da ni na yi. Ka bar mini ita zuwa jarrabawar watan Yuli. In ba ta koma inda take ba, ba sai ka aiko Murtala ba, ni da kaina zan riƙo hannunta in kawo maka, ko da ban taɓa wuce Gusau ba. In ya zo ƙarshen watan nan, gero da daddawa da kuka ne za su hau motarsa, sai in ji daga gare ka.

Ka gaishe da Zinatu, a ce Allah Ya ba ta lafiyar shayarwa. Ka shafa mini kan takwarana. Innarka da gwaggonka Hure da ƙanwarka Zubaida suna yi muku barka. Makau ma ya ce in gaishe ka, ko da yake kwana biyu ba ya amsa mini sallama sosai. Aisatu tana gaishe ku, ta ce a faɗa wa Baba ranar Jumma'a daga bencinta ta karanta allo duka, har kwanan wata da ke can ƙuryar sama.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Magaji Tungar Rini