Ƙorafi Kan Kek Mai Hawa Uku da Aka Yanka Daga Ƙasa

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Zauren Bukukuwa na Unguwa, Gadarif

Daga: Ummusalama Modibbo, mai sana'ar kek, gidan ƙarshe bayan injin niƙa

Kwanan wata: 14 ga Janairu, 1996

Game da: Hana mai ƙorafi kai kek zauren biki kan laifin da ba nata ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, mai ƙorafi tana miƙa kokenta kamar haka:

1. Ita kaɗai ce a gida tun rasuwar maigidanta. Ɗanta Arzika yana tuƙin tarakta a manyan gonakin Fau, sai bayan kaka ake ganinsa, in ma an gan shi. Kek ne ke kawo mata mutane: uwar amarya ta zo, ƙawaye su biyo, a baje a tabarma ana musun hawa nawa za a yi. Wannan ƙofar ce kwamitinku ya rufe mata.

2. Gidan Alhaji Mailafiya, mai noman riɗi, sun sa ta yi kek mai hawa uku don bikin 'yarsu ranar 29 ga Disamba. Ranka ya daɗe, kek ba ya iya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa. Shi ya sa take fere busasshen karan dawa, ta tafasa, ta shanya, ta yanka daidai tsayin kowane hawa, ta kakkafa a ciki kamar ginshiƙan rumfa. Sai ta ɗora kwali a kai, hawa na gaba ya zauna a kan karan. A keken jaki ta kai shi, tire a cinyarta, ta wannan hanyar tamu da duk ta daddare, wallahi ko karkata bai yi ba.

3. A ƙofar zaure Malam Ɗantsoho, mai kula da wurin, ya karɓa ya sallame ta, wai ba ta cikin waɗanda aka gayyata. Ta roƙe shi ya bar ta har a yanka. Ta gaya masa sai an sauke na sama, an zare karan, sannan wuƙa ta shiga. Hankalinsa na kan jeren kujeru, bai ko waiwayo ba. Haka ta tako gida da ƙafa, ta zauna tana jin kiɗan daga tsakar gidanta.

4. Abin da ya biyo baya a bakin mutane ta ji. Da aka zo fitar da rabon dattawa, Malam Ɗantsoho ya ga rashin kunya ne a kai musu ɗan ƙaramin na sama, tunda a wurinmu manya ake fara ba, kuma daga babba. Sai ya luma wuƙa a hawan ƙasa, ya yanko har da karan. Hawa biyu suka zubo a jikin amarya. Mai ƙorafi ba ta ga laifin girmama manya ba, ita ma haka aka rene ta. Amma fisabilillahi, mutum ya sare wa abu ƙafa, sannan a zo a ce maginin ne bai iya ba?

5. Wani dattijo ya tsinci guntun kara a farantinsa, zance ya zaga cewa tana zuba shara a abinci. Ranar 3 ga Janairu kwamiti ya zauna ya yanke hukuncin hana ta kai kek zaure, ba a kira ta ba, ba a aiko mata ba. Mai sayar da ruwa ne ya faɗa mata yana juye jarka.

6. Tun ranar, gidajen da suka yi mata maganar biki duk sun janye, babu wanda ya sake yin sallama. Ba ta aika wa Arzika ba, don kada ya baro aikinsa ya zo yin faɗa. Ba za ta ɓoye ba, ranka ya daɗe, shirun gidan ya fi ɓacin sunan ciwo.

Saboda haka tana roƙon a janye hanin, a kuma faɗa a gaban matan unguwa cewa karan ginshiƙi ne, ba ƙazanta ba. Ba ta neman a hukunta Malam Ɗantsoho. A dai sa doka cewa wadda ta gina kek za ta tsaya har a yanka shi. Bayan ƙofa ma ya ishe ta, za ta zo da kujerarta.

Idan an yanke shawara, ko ta yi mata daɗi ko ba ta yi ba, tana roƙon kada a bar saƙon a kanti. A turo mutum ya kawo da bakinsa, ya ɗan zauna. Kullum tana gida, kuma za ta dafa shayi.

Allah ya ƙara girma, ya sa a yi adalci. Wassalam.

Mai biyayya,
Ummusalama Modibbo