Tukwanen Fermín

Chemax, 9 ga Oktoba, 2006

Zuwa ga ƙanena Anselmo,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Macaria. Jiya muka gama addu'ar kwana tara ta Fermín. Ka zo ka tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, ka tafi ba ka ce mini uffan ba. To, ni ina da magana.

Takarda ta zo mini daga kwamitin ƙungiyarku ta malaman nutso a kogon ruwa. Sun ce ranar 27 ga wata za su zauna su duba ko za su karɓe lasin koyarwarka, kuma tunda ni ce uwar mamacin, ina iya rubuta musu abin da na sani. Kafin in ɗauki biro, ina so in ji daga bakinka.

Na damƙa maka ɗana mai shekara ashirin da shida ka koya masa sana'arka, don ya samu aikin yi wa baƙi jagora. Wata huɗu yana hannunka a Tulum, katin matakin farko kawai ka ba shi. Duk Lahadin da ya zo gida ƙorafin ɗaya ne: "Mama, ƙanenki ya ɗaure ni a turke kamar akuya. Tukunyar iska ɗaya, igiya ɗaya, kada ka leƙa dama, kada ka leƙa hagu. Ga manya can da tukunya bibbiyu a baya, ni kuwa kamar mai tallan gas!" Sai in yi dariya in ce, "Haka yake tun yana yaro, ko wake sai ya ƙirga kafin ya ci."

Ban san ruwa ba, amma na san da iska mutum yake rayuwa. Da na ga kai kawunsa ka yi masa rowa, na sayar da aladuna na je Playa del Carmen na sayo masa tukwanen iska biyu haɗaɗɗu, wurin wani Bature mai komawa ƙasarsu, don kada iska ta taɓa yanke masa. Ni na yi nawa. Kai me ka yi? Da ka ƙarasa masa karatun, da ya san hanyar fita.

Yayarka,
Leocadia

Tulum, 13 ga Oktoba

Yaya Leocadia,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya jiƙan Fermín, ya ba mu haƙuri. Kin yi tambaya, ga amsa.

Ban hana shi babban kati don rowa ba. Ɗan matakin farko yana bin babbar igiyar da aka shimfiɗa daga bakin kogo, ba ya sakin ta. Iskarsa kashi uku ce: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Sai ya yi nutso da yawa a haka kafin a koya masa tsallakawa zuwa igiyoyin gefe. Fermín ya fi duk ɗalibaina iya ruwa, shi ya sa na ƙi hanzari da shi. Ya taɓa ce mini, "Kawu, kunkuru ma ya fi ka sauri." Na ce masa, "Kunkurun da ka gani shekararsa ɗari." Watan Janairu na tsara za mu ci gaba.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru ina birni, ya tafi shi kaɗai. Ya bi babbar igiya har inda wata ƙarama ta fara a gefen hagu. Tsakaninsu akwai tazarar mita shida da babu igiya. Wanda aka koya wa yakan ɗaura zarensa ya haɗa su kafin ya tsallaka. Shi ya tsallaka haka. Wurin matsatsi ne, ƙafarsa ta tayar da laka, ruwa ya zama kamar kunu. Idan haka ta faru, tocila ba ta da amfani. Da ya juyo, bai sami babbar igiyar ba.

Ni na shiga na ɗauko shi. Ban bar wani ya taɓa shi ba.

Ki rubuta wa kwamiti abin da zuciyarki ta ba ki, ba zan riƙe ki ba. Roƙona ɗaya ne: kada ki ambaci tukwanen. Na riga na shaida musu cewa daga shagona suka fito, ni na ba shi aro. Ki bar maganar a haka.

Ƙanenki,
Anselmo

Chemax, 16 ga Oktoba

Chemo,

Gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku. Bayanin igiya na gane. Layin ƙarshe ne ban gane ba.

Kai da ko canjin kanti aka yi maka ƙari sai ka taka ka mayar, yau kai ne da ƙarya a gaban kwamiti? Tukwanen nawa ne. Ni na kai su coci aka sa musu albarka, ni na ɗaura musu jan ƙyalle a wuya. Me ya sa za ka ce naka ne? Ko so kake a ce ka yi masa wani abin kirki, ka ƙwace mini ɗan abin da na yi wa ɗana?

Ba zan rubuta komai ba sai ka amsa. Ka ba direban motar haya amsar gobe.

Leocadia

Tulum, 19 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri? Macaria ce. Ƙanenki ba zai amsa ba, kuma bai san na rubuta ba. Takardarki tana aljihunsa kwana uku, ya ninke ta har ta fara yagewa. Na ce masa, "Kai, bebe, za ka amsa wa matar nan ko ni in amsa?" Ya ce, "Ki taɓa biro ki gani." To, na taɓa.

Shekara goma sha tara ina cika tukwane a shagon nan, don haka ki saurare ni. A kogon da Fermín ya shiga, kashi ɗaya na tukunya guda minti ashirin ne. Nan ma'auni zai ce wa mutum ya juya, da ƙyar ya wuce rabin hanyar zuwa ƙaramar igiyar. Dalilin dokar ke nan: sabon ɗalibi ba ya iya kai kansa inda iliminsa bai kai ba. Da tukunya biyu sai ya samu minti arba'in, kuma a minti na talatin da takwas wannan igiyar take.

Akwai wani abu kuma. Mai gadin ƙofar kogon yana duba katin duk mai tukunya ɗaya, ya tambaye shi ina malaminsa. Wanda ya goyo biyu ba a tambayarsa, an ɗauka babba ne. Ranar har sara wa Fermín ya yi, ya ce, "Maigida, an girma ke nan!"

Anselmo bai san da tukwanen ba sai a ƙarƙashin ruwa. Yana ganin jan ƙyallen ya gane hannunki. Ya yanke shi kafin ya fito da gawar. Rahoton kwamiti ana buga shi a jarida, kuma dole a rubuta inda kayan suka fito. Ya ce ba zai bari mutanen Chemax su karanta sunanki a wurin ba, kuma ba zai bari ke ki gane ba.

Malamin da ya ba ɗan matakin farko tukwane biyu, a dokarsu ba ya sake koyarwa har abada. Shekararsa hamsin da huɗu, bai iya wata sana'a ba.

Ban ce laifinki ne ba, Yaya. Wallahi da ban zauna a shagon nan ba, abin da zan yi wa ɗana ke nan. Amma kin tambaya, kuma ni ma mijina ne. Ki yafe mini.

Taki,
Macaria

Chemax, 28 ga Oktoba

Anselmo,

Ina gaishe ka. Kada ka yi wa Macaria faɗa.

Ban rubuta ba, da ƙafata na je jiya. An ce mini kana ɗakin jira, shi ya sa na bi ta ƙofar baya. Na faɗa musu inda na sayi tukwanen da ranar da na kai masa. Shugabansu ya tambaye ni me ya sa na saya. Na ce don ya samu iska da yawa. Babu wanda ya ƙara tambayata komai. Sun ce za su ja maka kunne kan ƙaryar, amma lasinka yana nan.

Kada ka zo mini tukuna. Ba fushi nake ba, idonka ne ba zan iya kallo ba.

An ce agogon da ke hannun Fermín yana rubuta komai. Daga lokacin da ya rasa igiyar zuwa ƙarewar iskar, minti nawa ne? Kada ka rage mini ko ɗaya.

Yayarka,
Leocadia

Tulum, 30 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki.

Minti hamsin da biyu. Bai zauna ba, nema yake ta yi har ƙarshe. Inda na same shi, tsakaninsa da babbar igiyar bai fi tsawon hannu biyu ba.

Ba zan zo ba sai kin kira.

Ƙanenki,
Anselmo